Ra'ayi: Shin so kaɗai na kai mutum ga kofi a wasan Pokémon?

Kaɗan ne daga cikinmu ba su taɓa ɗaukar jakar makaranta ko rigar yara ko takalmin roba mai hoton wata 'yar dabba rawaya mai jajayen kumatu ba. Mun saye ta a dila, mun kasa ta, mun ci riba, mafi yawanmu ba tare da sanin sunanta Pikachu ba, balle mu san cewa daga wani wasan kwamfuta na ƙasar Japan ta fito, wanda ake kira Pokémon, aka fara sayar da shi a 1996. A cikinsa mutum yana kama halittu, ya horar da su, ya gwabza da na wani. Sun fara da 151, daga baya suka haura 1000. Tun 2009 kuma ake gasar duniya ta wasan, kamar dai yadda muke da takobin kokawa.

Akwai gardamar da ta daɗe tsakanin masu wannan wasa, kuma mun ga ta shafe mu domin irinta muke yi kullum a rumfa. Wasu suna cewa ɗan wasan kirki da halittar da yake ƙauna yake cin nasara. Wasu suna cewa wannan tatsuniya ce, wanda yake son kofi ya ɗauki abin da ya fi ƙarfi ya huta. Mu dai a ganinmu ɓangarorin biyu sun karanta labari ɗaya, kowa ya tsallake shafin da bai yi masa daɗi ba.

Labarin shi ne na Se Jun Park, ɗan Koriya ta Kudu, wanda ya ci gasar duniya a birnin Washington na Amurka a watan Agusta na 2014. A ƙa'idar gasa, kowa yana zuwa da halittu 6, ya zaɓi 4 a kowane wasa, biyu-biyu suke tsayawa a fili, kuma kowace tana da dabaru 4 kacal. A shekarar nan manyan dodanni irin su Kangaskhan ne suka cika fage. Sai ga Park ya shigo da Pachirisu, wani ɗan kurege fari mai lantarki, wanda jimillar ƙarfinsa a lissafin wasan 405 ne, alhali Garchomp da ke tawaga ɗaya da shi yana da 600. Da shi ya doke Jeudy Azzarelli na Amurka a wasan ƙarshe, 'yan kallo suna ta ihu. Tun ran nan masu cewa so ya isa suka samu hujja.

To amma a duba me kuregen ya je yi. Park yana da Gyarados da Talonflame, kuma duka biyun lantarki ne makashinsu. Pachirisu yana da dabara mai suna Follow Me, wadda take janyo dukan da aka auna abokinsa ya dawo kansa, sannan yana da baiwar da in an harbe shi da lantarki, maimakon rauni lafiya yake ƙaruwa. Ke nan abokin gaba ya auna Gyarados, dukan ya karkata, ya zama abinci ga kurege. Wata dabararsa tana shanye jikin abokin gaba ya rage sauri, wata kuma tana raba ragowar lafiyarsa biyu komai girmansa, wato ƙarancin ƙarfinsa bai hana ta aiki ba. Hatta makin horo 510 da ake ba kowace halitta, wajen juriya Park ya zuba su, bai ɓata su a kan duka ba. Ya kuma riƙa masa ɗan itacen da ke maido lafiya in ta yi ƙasa.

Abin da ya fi burge mu shi ne dalilin da ya sa bai ɗauki abin da kowa ke ɗauka ba. Masu neman mai janye duka a lokacin Amoonguss suke sakawa, wata halitta mai siffar naman kaza. Sai dai dabararta gari ce take watsawa, kuma tun fitowar Pokémon X da Y a 2013 garin ba ya kama halittun tsirrai, ba ya kama mai sanye da wani tabarau na kariya. Ga shi wuta da masu tashi sama suna cin ta, su kuwa sun yi yawa a shekarar. Kowa ya zo da maganin Amoonguss a aljihu. Ba wanda ya zo da maganin kurege. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa shigo da hajar da maƙwabtansa suka raina, ranar da tasu ta yi kwantai, ya san daɗin wannan.

Saboda haka masu cewa a bi zuciya kawai suna yaudarar yara. So yana hana ganin laifi. Yaro zai ɗauki halittu 6 domin kyansu, duka masu rauni iri ɗaya cikin nau'o'i 18 da wasan ke da su, a share shi cikin minti biyar, ya koma yana zagin masu kwaikwayo wai ba su da zuciya. Kwaikwayo ba abin kunya ba ne, dukanmu da kallon rumfar wani muka koyi ciniki. A 2015 ma, a birnin Boston, Shoma Honami na Japan ya ɗauki kofi da Kangaskhan da Landorus da wannan Amoonguss ɗin dai, kayan da kowa ya sani. An buɗe ƙofa ga wasu halittun a shekarar, fage ya sauya, kurege bai sake samun irin wancan gurbi ba.

Amma su ma masu cewa so ba shi da amfani ba mu tare da su. Wa zai zauna ya binciki halittar da duniya ta jefar, ya lissafa dukan da za ta iya sha ta rayu, in ba wanda ransa ya kwanta da ita ba? Mai bin jerin manya kawai ba ya leƙa ƙasan buhu. A 2016 Wolfe Glick na Amurka ya ci gasar a San Francisco, shekarar da aka bar manyan dodanni irin su Kyogre da Rayquaza suka shigo, kuma a tawagarsa akwai Raichu, wato Pikachu ɗin jakunkunanmu bayan ya girma, yana yin aikin tare lantarki domin manyan su samu sarari.

Shawararmu ga matasan da ke bugawa, har da 'ya'yanmu da ke tsaron shago da na'ura a hannu: ka ɗauki abin da kake so guda ɗaya, ka tambayi kanka wane aiki yake yi wanda sanannen bai iya ba. In ka samu amsa, sauran biyar ka zaɓe su domin su toshe rauninsa, ko da ba ka son ganin fuskarsu. In ba ka samu ba, ka bar shi a wasan labari na gida, inda kwamfuta ce abokiyar karawa kuma ba ta shirya maka komai ba.