Naƙasassu da Zauren Ƙara wa Juna Sani

Da wuya a sami ɗalibin Hausa da ya kammala karatunsa bai haɗu da Waƙar Imfiraji ta Alhaji Aliyu Namangi ba. Ana ƙwanƙwance baitocinta a aji, ana auna karinta, ana fitar da tambayoyin jarrabawa daga cikinta. Mai wannan waƙa kuwa makaho ne tun yana ƙarami, kuma makafi ne suka fi kowa yawo da ita kwararo-kwararo, har ta zauna a kunnen jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ma ta karrama shi da digirin girmamawa. Amma abin tambaya shi ne: in yau wani ɗalibi makaho ya zo sashen Hausa yana son nazarin wannan waƙa, da me za a tarbe shi? Littafin da ke kan kanta a ɗakin karatu bai amfane shi da komai ba, sai in ya sami mai karanta masa, shi ma in ya ga dama.

Wannan hali bai tsaya ga littafi kaɗai ba. Taron ƙara wa juna sani, wanda shi ne zauren shawarar kowane sashe, akan yi shi ne bisa zaton kowa yana gani, yana ji, yana kuma iya hawa bene. Akan raba takardar mai gabatarwa a bakin ƙofa, ya ce a dubi shafi na huɗu, ya nuna allo ya ce "wannan kalma". Makaho ya ɓata tun daga nan. Kurma kuwa sai dai ya zauna yana kallon leɓɓa. Gurgu, in ɗakin a sama yake, sai abokai sun ciccibe shi, abin da ba kowane mai mutunci zai jure wa kowane mako ba. Daga baya a ce ai ba su zuwa taro.

Ba za a ce al'adar Bahaushe ce ta haifar da wannan ba. Tun tuni garuruwan Hausa suke da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, watau an san waɗannan jama'a da shugabanci da bakin magana a fada. Kurame kuma suna da harshensu, maganar hannu, wanda a kasuwa masu ji da yawa sukan taɓa shi gwargwado. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinsa a Kano, ta fitar da littafi a kansa a 2000. Ga shi harshe ne da ya tsiro a tsakiyar ƙasar Hausa, mai ƙa'idojinsa na kansa, amma sau nawa aka ji an kawo shi zauren sashen Hausa a matsayin abin nazari, balle a matsayin harshen da za a yi wa wani tafinta da shi? Makarantun kurame da yawa ma alamomin da suka samo asali daga Amurka suke koyarwa.

Ɗaliban kuwa suna nan tafe, don an daɗe da buɗe musu hanya daga ƙasa. An kafa makarantar makafi ta Gindiri a 1953, ta Tudun Maliki a Kano kuma a 1977. Rubutun makafi da Louis Braille ya ƙago a Faransa, mai ɗigo shida, ya kusa shekara 200 a duniya. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar Nijeriya da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Yanzu an fi son a ce "masu buƙata ta musamman", kuma lafazin ya fi taushi, sai dai matakalar bene ba ta ragu da ko ɗaya ba saboda sauya suna.

Akwai wata matsala da ta shafi masu Hausa su kaɗai, ita ce ta baƙaƙe masu lanƙwasa. Makaho mai kwamfuta ko waya yana da na'urar da ke karanta masa rubutu da murya. To amma kundaye da maƙalu masu yawa an buga su ne da tsohon salon bugu, inda aka ari gurbin alamar baka ko wata alama aka ɗora mata siffar ƙ ko ɗ ko ɓ. Ido yana ganin "ƙasa", na'ura kuwa alamar baka take gani, sai ta karanta shirme. Haka nan in aka ɗauki hoton shafi aka aika wa ɗalibai, a wurin makaho farar takarda aka aika masa. Gyaran wannan ba ya cin ko kwabo, illa mai bugu ya yi amfani da baƙaƙen gaskiya, waɗanda kowace waya take da su yanzu, ya kuma aika da rubutun kansa maimakon hotonsa.

Za a ce sashe ba shi da kuɗi, kuma gaskiya ne injin buga rubutun makafi yana da tsada. Amma abin da ke hannun sashe ya fi abin da ke hannun ma'aji yawa. Ana iya ba da takardar taro kwana uku kafin ranar. Mai gabatarwa ya faɗi kalmar da yake nunawa da bakinsa. A sauko da taron ƙasa duk ranar da aka san akwai wanda bene zai hana. A nemi tafinta daga ƙungiyar kurame ta gari, a ba shi kujera a gaba inda haske yake. Ƙungiyar ɗaliban Hausa kuwa, wadda ke da masu zaƙin murya da ke gwada bajinta a makon Hausa, za ta iya raba littattafan manhaja tsakanin 'ya'yanta, kowa ya karanta babi guda a ɗauki muryarsa, bayan an nemi izinin masu littattafan. In aji ɗaya mai mutum 40 ya ɗauki wannan aiki, littafin karatu guda zai kammalu kafin a tafi hutun zango.