A daina ba mu aikin da ba a tanadi kayansa ba

'Yan uwa ɗaliban kimiyya na Yelwa da Gubi, mu faɗa wa juna gaskiya: wasu sakamakon da ake karantawa ranar difens a tebur aka dafa su, ba a lab ba. Kuma ba duk laifin ɗalibi ba ne.

Za a ba ka aiki a kan TLR4, wato ƙofar da ke jikin ƙwayoyin garkuwar jiki, wadda ke shaida zuwan bakteriya ta tura saƙo a fara yaƙi. Aiki ne babba, a kansa Bruce Beutler ya samu kyautar Nobel a 2011. To amma ba ka ganin wannan ƙofa sai da antibodin da aka ƙera don ya kama ta ita kaɗai. 'Yar kwalbar da ba ta kai kan yatsa ba, ɗaruruwan daloli ce, daga Turai ko Amurka. Tun da aka saki naira a 2023, wane ɗan masta ne zai iya saye daga aljihunsa? Ko ka saya, sanyi take so tun daga jirgi har firiza. A ɗauke wuta kwana biyu a zafin Afrilu, shi ke nan, kana riƙe da ruwa mai tsada.

Wasu za su ce ai haƙuri ake yi, haka kowa ya gama. A'a. Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba. In muka saba ƙirƙiro lambobi a makaranta, gobe mu ne a asibiti riƙe da jinin iyayenmu.

Mafita ba ta gagara. Kafin a amince da taken bincike, a nuna inda kayan za su fito da wanda zai biya. Masu aiki iri ɗaya su haɗa kuɗi su sayi kwalba ɗaya, tunda ɗigo kaɗan ake amfani da shi. Kowace tsangaya ta samu firiza mai sola kafin a sake fentin ƙofa. Sannan ga cibiyar Vom nan kusa da mu, shekara ɗari tana haɗa rigakafin dabbobi. Da zomo ko ƙwan kaza ake samar da wasu antibodin. Me ya hana a koya mana?

Malamanmu, da girmamawa, ku duba. Ɗalibai kuma, in ba kaya, ku nemi a canza aikin. Gara ƙaramin bincike na gaskiya.