Ƙibar Amarya da Sojojin Jiki

 Yau kan "sha ka fashe" zan yi magana, don ya zama ruwan dare daga Gyadi-Gyadi har Tarauni. Biki saura wata biyu, sai amarya ta hau haɗiyar ƙwayoyi wai ta yi ɓul-ɓul.

To ku saurara. Cikin jininmu akwai sojojin jiki masu farautar ciwon daji, su kashe shi tun yana tsiro. A 2018 masu bincike a Kwalejin Trinity ta Dublin suka gano in ƙiba ta yi yawa, kitse kan cika sojojin nan. Suna ganin abokin gaba sarai, amma kisan ya gagara! Dama tun 2016 masana suka alaƙanta ƙiba da ciwon daji iri 13, har da na mahaifa.

Ƙwaya irin dexamethasone kuwa, ita kanta tana raunana garkuwar jiki, ta ƙara maiƙon jini. Ni dai kumburin kumatu nake gani, ba kyau ba.

Wadda ta jima tana sha, don Allah kar ta yanke farat ɗaya, akwai haɗari. Ga Asibitin Malam nan kan titin Zariya, ta je a auna jininta, likita ya janye mata ita sannu a hankali.