Wiwi maganin amai ce? Kada a ruɗe mu

Ƴan kasuwa, muna jin wasu matasa a tashar mota da bakin iyaka suna cewa ai Turawa ma sun gano wiwi magani ce. Akwai ƙamshin gaskiya, amma rabin zance suka ɗauko.

A 1985 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da dronabinol da nabilone, ƙwayoyin da ake haɗawa a ɗakin bincike bisa kwaikwayon sinadarin THC na wiwi. An yarda da su ne don masu ciwon daji da maganin cutar ke sa su tashin zuciya da amai, bayan sauran magunguna sun gaza. Likita ke auna su, kuma suna kawo jiri.

Ga abin da matasan ba su faɗi: a 2004 likitocin Ostireliya sun bayyana ciwon amai mai yawan dawowa ga waɗanda suka daɗe suna shan wiwi, har sai sun yi wanka da ruwan zafi kafin su ji sauƙi. Maganinsa daina sha.

Yaron shago ko ɗan dako da ya kawo mana wannan hujja, mu tambaye shi takardar likita. Wanda amai ya ƙi tsaya masa kuwa, mu kai shi asibiti.