Idan Yaro Ya Sauya Makaranta, Ina Kuɗin Tallafinsa Ke Zuwa?

A jihar Florida ta Amurka, iyayen da ɗansu ke karatu a makarantar kuɗi da tallafin jiha suna iya ɗauke shi ana tsakiyar shekara, su kai shi wata makarantar da ke cikin shirin, kuɗin kuma ya bi shi. Doka ce ta ce haka, ƙungiyar da ke rabon tallafin ba ta da hurumin hanawa.

Shirin ya faro ne a 2001, zamanin Gwamna Jeb Bush. Kamfanoni ke zuba gudummawa a wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu, wadda ta fi girma a cikinsu ita ce Step Up For Students, gwamnati kuma ta rage musu daidai abin da suka bayar daga harajin da take bin su. Da farko 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kaɗai ake ba wa. A watan Maris na 2023 Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a dokar da ta buɗe ƙofar ga kowane ɗalibi, ɗan talaka da ɗan attajiri. Tallafin ya kai wajen dala 8,000 a shekara, ana sakinsa kashi huɗu, kuma ba ya shiga asusun makaranta sai uwa ko uba sun amince.

Wannan amincewar ita ce ƙashin bayan tsarin. Shugaban makarantar da ya san kashi na gaba yana jiran sa hannun mahaifiya ba zai bar ta a tsaye bakin ofis ba idan ta zo ƙorafin ana cin zalin ɗanta. Wanda ya san ba ta da wurin zuwa kuwa, sai ya ga dama.

Tallafin da makaranta ke bayarwa daga asusunta daban yake. Phillips Exeter Academy da ke jihar New Hampshire ta sanar a 2007 cewa za ta koyar da 'ya'yan iyalan da samunsu bai wuce dala 75,000 a shekara ba kyauta. Alheri ne babba, ba mai musu. Amma rangwame ne a kan kujerar makarantar, ranar da yaro ya fita ya bar shi a nan. Jihar Arizona, wadda ta kafa nata shirin rangwamen haraji tun 1997, tana tsaka-tsaki: wasu ƙungiyoyin rabon suna hulɗa ne da wani rukunin makarantu kaɗai, kamar na cocin Katolika, don haka wanda ya fita daga rukunin sai ya sake neman tallafi a wata ƙungiyar, ya shiga layi daga baya.

Tsarin Florida ya fi adalci, domin tallafi da sunan yaro aka tara shi. Sai dai masu yabonsa sukan tsallake wata takarda: yarjejeniyar da iyaye ke sa wa hannu ranar rajista. Makarantun kuɗi da yawa a Amurka suna ɗaure iyaye da biyan kuɗin shekara cikakkiya, ko da yaro ya tafi bayan wata biyu. Tallafin ya koma sabuwar makaranta, bashin tsohuwar ya zauna a wuyan uba. Ga kuɗin rajista na biyu, ga sabbin kayan makaranta, ga cikon da za a yi idan kuɗin sabuwar ya haura tallafin. Sabuwar ma ba dole ba ne ta karɓe shi. Mai hali zai biya ya wuce. Mai wankin mota ko mai aikin gidan abinci, wanda dominsa aka ƙirƙiro shirin tun asali, shi ne zai haƙura ya bar yaron inda yake.

Makarantun suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sun ɗauki malamai na shekara guda bisa yawan ɗaliban da suka yi rajista, albashi ba ya raguwa don kujera ɗaya ta zama wayam. Hujjar ta isa a nemi iyaye su ba da sanarwa da wuri, ko su biya kuɗin kashin da ake ciki. Ba ta kai a bi su bashin watannin da ba a koyar da ɗansu komai ba, musamman a makarantar da ke cin kuɗin da asalinsa haraji ne. Duk makarantar da ke son shiga shirin, ya kamata doka ta ƙayyade mata iyakar abin da za ta nema daga mai tafiya.

Attajiran Kano da Kaduna da ke ɗaukar nauyin marayu a makarantun kuɗi suna fuskantar tambaya iri ɗaya, ko da babu dokar haraji a tsakani. Wanda ya miƙa wa mai makaranta kuɗin shekara a dunƙule ya ɗaure maraya a wuri ɗaya. Ya fi dacewa a riƙa biya zango-zango, a rubuta a takarda cewa kuɗin na yaron ne, kuma a amince tun ranar farko cewa ba za a riƙe masa takardar sakamako ko ta canjin makaranta ba idan mariƙiyarsa ta tashi daga unguwar.