Wasan Yara Ba Sai Da Kuɗi Ba

Ya ku talakawa da 'yan kasuwa, kada tsadar gidajen wasa ta karya muku zuciya. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bayan sallar lisha ba ta cin ko kwabo. Dokin kara, yaro da kansa ke yin abinsa. Langa, gaɗa da tashen goma ga azumi kuwa, fili kaɗai suke bukata.

To, filin nan shi ne magana. In an yanka dandalin unguwa an gina shaguna, ɗan mai kuɗi yana da farfajiyar gidansu, ɗan talaka sai titi cikin babura. Saboda haka muna roƙonku, kada ku sayi shago a dandali. Ku taru ku gaya wa mai unguwa da kansila a bar wa yara filinsu.