Ba Kowane Mai Farar Riga Ne Likita Ba

A Keffi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, duk wanda ya sa farar riga ya riƙe allura, likita ne a bakin talakawa. Malamin asibiti likita, mai kemis ma likita. Amma fa kama da wane ba wane ba ne.

Doka ta riga ta raba gardama. Tun 1963 aka kafa majalisar yi wa likitoci rajista a Nijeriya, sa'an nan dokar soja mai lamba 61 ta 1992 ta kafa wata hukuma dabam domin jami'an lafiyar al'umma. Waɗannan bayin Allah su ne ginshiƙin ƙananan asibitocin karkara: su ke rigakafi, su ke awon ciki, su ke maganin zazzaɓi. Sai dai akwai littafin ƙa'ida wanda ya shata musu iyaka, ya kuma faɗi lokacin da za su tura majiyyaci gaba.

Ruɗanin suna yana iya cin rai. Matar da naƙuda ta tsananta mata, in danginta sun ɗauka tana hannun likita, ba za su gaggauta kai ta Asibitin Tarayya na Keffi ba sai lokaci ya ƙure.

Saboda haka wajibi ne Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Nasarawa ta tilasta wa kowane ma'aikaci ya maƙala sunansa da muƙaminsa a ƙirji, da Hausa da Turanci, ya kuma rataye lasisinsa inda kowa zai gani. Wanda duk ya ari sunan likita ya tsaga cikin mutum, a gurfanar da shi gaban shari'a. Ma'aikacin kirki kuwa, in an kira shi likita, ya gyara wa mai kiran. Faɗin gaskiya ba zai rage masa daraja ba.